Yadda ake ɗaga Ubuntu zuwa sabuwar siga a masana'anta ba tare da aiki ya tsaya ba

A ƙarshen watan Mayun 2025 kamfanin Canonical ya daina aika gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Ubuntu 20.04. Babu kwamfutar da ta mutu a ranar. Wadda ke ɗakin akanta ta ci gaba da fitar da rasit, wadda ke bakin ƙofa ta ci gaba da rubuta nauyin tirelolin da suka hau sikeli, shi ya sa da yawa ba su ma san an yi ba. Illar a ɓoye take: duk wata kafar da masu kutse suka gano daga baya, babu mai toshe ta a kan wannan injin. Duk wanda ke kula da kwamfutocin wani kamfani a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, kuma har yanzu yana kan wannan sigar, aikin ɗagawa ya hau kansa, ko ya so ko bai so ba.

Umarnin da ke ɗaga manhajar layi ɗaya ne, yaron da ya yi wata uku a shagon gyara zai iya buga shi. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne abin da aka yi kafin a buga layin, musamman a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Don haka yawancin wannan bayani a kan shiri yake.

Fara da sanin inda kake

Ubuntu na fitar da siga mai dogon zango, wadda ake wa laƙabi da LTS, a watan Afrilu na kowace shekara biyu, kuma lambar sigar ita ce shekara da watan fitowarta: 20.04 ta fito a Afrilun 2020, 22.04 a 2022, 24.04 a 2024. Kowacce na samun kulawar shekara biyar. Tsakaninsu akwai ƙananan sigogi masu rayuwar wata tara kacal. Waɗannan ba na masana'anta ba ne, kada ka ɗora lissafin kamfani a kansu. Buɗe tagar umarni ka rubuta

lsb_release -a

zai gaya maka sigar da kake kai. Ba a tsallake mataki. Mai 20.04 sai ya bi ta 22.04 kafin ya isa 24.04, wato aikin sau biyu zai yi, kuma shawarata ita ce ya bar aƙalla mako guda tsakani, injin ya yi aikin yau da kullum a kan 22.04, a ga abin da ya karye. Wanda yake can baya a 18.04 ko 16.04 kuwa, gaskiya hawa uku ko huɗu ba su cancanci wahalar ba. Ya kwashe bayanansa, ya ɗora sabuwa daga tushe, ya mayar da su.

Sannan ka zagaya da takarda da biro. Wannan matakin shi aka fi rainawa. Rubuta duk aikin da injin yake yi da duk abin da aka jona masa: firintar rasit, firintar lambar kaya, na'urar dangwala yatsa ta ma'aikata, sikelin auna motoci, manhajar albashi, manhajar sito, foldar da sauran kwamfutocin ofis ke shiga. Kada ka dogara da abin da ka tuna. Je wurin akanta da mai kula da sito da mai gadin sikeli ka tambaye su me suke buɗewa da safe. Sau da yawa a nan za ka ji labarin wata 'yar manhajar da wani ma'aikaci ya rubuta shekarun baya, ya bar aiki, kuma ita kaɗai ke fitar da rahoton da manaja ke dubawa kowace Litinin.

Akwai injinan da bai kamata ka taɓa ba sam. Kwamfutar da ta zo tare da injin narka roba ko injin ɗura buhu ko na'urar yankan ƙarfe, wadda masu ƙera injin suka saita, ba taka ba ce ko da Linux ce a cikinta. Direbobinta an ɗaure su da wata siga takamaimai, idan ka ɗaga ta layin aiki na iya tsayawa har sai an kira injiniya daga waje. Irin wannan a cire ta daga intanet, a hana kowa cusa mata filashi, a bar ta yadda take.

Manhajojin da ke kan injin sun fi injin muhimmanci

Idan kwamfutar ta rubutu da lissafi ce kawai, ɗagawa ba ta cika kawo rigima ba. Uwar garke, wato injin da sauran ke dogaro da shi, ita ce mai wuyar sha'ani, domin sabuwar Ubuntu takan zo da sababbin sigogin duk abin da ke ƙarƙashinta. PHP da ke 7.4 a kan 20.04 ya koma 8.1 a kan 22.04, ya koma 8.3 a kan 24.04. Python ya tashi daga 3.8 zuwa 3.10 zuwa 3.12. PostgreSQL ya tashi daga 12 zuwa 14 zuwa 16. Manhajar sito da aka rubuta da tsohon PHP tana iya buɗewa da farin shafi fes, babu ko kalma ɗaya. Masu amfani da Odoo ko ERPNext su duba sigar da suke kai, su tabbatar da wane Python take yarda, kafin su motsa. Idan wani ne ya rubuta muku manhajar, a kira shi tun yanzu a tambaye shi tambaya ɗaya: ta taɓa gudana a kan sabuwar sigar? Amsar "ai ya kamata ta yi" ba amsa ba ce.

Hanya mafi aminci ita ce gwaji a kan wani injin. Kowane kamfani yana da tsohuwar kwamfuta a sito da ƙura ta rufe. Kakkaɓe ta, ɗora mata kwafin uwar garken, ɗaga ta, ka kira akanta ya zauna ya fitar da albashin watan da ya wuce a kanta. Idan alƙaluman sun yi daidai da na ainihi, ka samu hujjar da za ka ci gaba.

Kwafin ko-ta-kwana

Iri biyu ake yi, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Na farko hoton faifan gaba ɗayansa, wanda Clonezilla ke ɗauka: ka tayar da injin daga filashi, ka kwafe faifan zuwa wani na waje. Idan komai ya dagule, cikin awa ɗaya ko biyu injin ya koma yadda yake jiya. Na biyu kwafin bayanai zalla: foldar /home, foldar /etc inda saituna suke, da rumbun bayanai. Rumbun bayanai ba a kwafar fayilolinsa yana cikin aiki. Ana fitar da shi da nasa umarnin, pg_dumpall ga PostgreSQL, mysqldump ga MySQL ko MariaDB.

Kwafin da ba a gwada dawo da shi ba, ba a san ko kwafi ne ba. Buɗe shi a kan injin gwajin nan ka gani da idonka. Bayan haka ka zare faifan wajen daga jikin kwamfutar, ka kai shi wani ɗakin. Idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona injin, za ta haɗa da duk abin da ke jone da shi.

Tunda ka zo nan, duba lafiyar faifan da kansa. Ɗagawa tana rubuta dubban fayiloli a jere, kuma faifan da ya daɗe yana ɗingishi a zafin Afrilu da ƙurar hunturu a nan yake cikawa. Umarnin smartctl, daga kunshin smartmontools, zai nuna maka ko ya fara tara gurabun da suka lalace. Idan ya fara, sayi sabo ka ɗora sabuwar sigar a kansa kai tsaye, tsohon ya zama ajiya. Buɗe murfin ma ka hure fankar. Ofisoshin da ke kusa da wurin casa ko niƙa sun san irin abin da ake tararwa a ciki.

Wuta

A ƙasashen da aka rubuta littattafan koyar da wannan aiki, batun wuta layi ɗaya ake ba shi. A Kano shi ne rabin aikin. Ɗagawa na da zango biyu. A zangon farko injin yana sauko da kunshin manhajoji ne kawai, idan wuta ko intanet ta yanke babu asara, sai a sake. A zango na biyu yana cire tsofaffi yana dasa sababbi, kuma idan ya mutu a tsakiyar wannan, rabi tsoho rabi sabo, yana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Zangon nan yakan ci daga rabin awa zuwa sama da awa biyu, gwargwadon ƙarfin injin da nau'in faifansa.

Kasancewar kamfani a kan layin da KEDCO ta yi wa alkawarin awa ashirin a rana ba ya kare ka, domin idan babban layin ƙasa ya faɗi kowa ya faɗi. Waɗanda suka ga Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, ba sa buƙatar tuni. Janareta ma ba ya isa shi kaɗai. Daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da kamawar janareta sun isa su kashe kwamfuta. Abin da ake so shi ne injin ya kasance a kan inbata ko UPS mai batir lafiyayye, janareta kuma yana gefe da mai a cikinsa. Gwada batirin da gaske: kunna kwamfutar, zare filogin daga bango, duba agogo. Batirin da ya shekara biyu a ɗaki mai zafi yakan nuna koren haske, amma ya saki cikin minti ɗaya. Haɗa na'urar intanet da fuskar kwamfutar a kan batirin su ma, don kada ka zauna gaban injin da ke aiki ba ka ganin tambayar da yake yi maka. Sannan ka je da kanka wurin mai kula da janareta ka gaya masa kada ya sauya layi, kada ya kashe don duba mai, har sai ka zo ka ce an gama.

Lokacin yin aikin ma zaɓarsa ake yi. Ba ƙarshen wata ba, lokacin albashi. Ba makonnin da ke gaban Sallah ba, lokacin da motoci ke layi a bakin ƙofa. Yammacin Asabar bayan an tashi ya fi, don Lahadi ta zama ranar gyara idan an samu matsala. Ka sanar da manaja a rubuce, kuma ka faɗi gaskiya: "Yallaɓai, aikin awa uku ne idan ya tafi daidai. Idan bai tafi ba, zan mayar da injin yadda yake kafin safiyar Litinin." Mai gida ya fi yarda da wanda ya zo da hanyar komawa.

Batun data kuwa, ware gigabayit biyu zuwa uku ga kowane inji, a kowane hawa. Inda kwamfutoci suka kai goma, saka apt-cacher-ng a kan ɗaya daga cikinsu; abin da ta farko ta sauko da shi sauran za su ɗiba daga wurinta, ba sai an sake biyan kuɗinsa ba. Yi amfani da kebul idan akwai, domin direban waya-les na iya yankewa a tsakiyar aiki.

Ranar aiki

Sai tsohuwar sigar ta cika da duk gyare-gyarenta kafin ta yarda ta ɗaga:

sudo apt update

sudo apt full-upgrade

sudo apt autoremove

Kashe ka sake kunnawa. Duba fili da df -h, ka tabbata akwai aƙalla gigabayit goma a babban ɓangare, kuma /boot bai cika da tsofaffin fayiloli ba. Umarnin apt-mark showhold zai nuna ko akwai kunshin da wani ya ɗaure don kada ya sabunta. Sai an kwance shi, amma ka fara binciken dalilin ɗaure shi. Buɗe fayil ɗin /etc/update-manager/release-upgrades ka ga an rubuta Prompt=lts. Daga nan:

sudo do-release-upgrade

Idan ya ce babu sabuwar siga alhali ka san ta fito, ba lalacewa ba ce. Canonical ba ta buɗe ƙofar ɗagawa sai an fitar da gyaran farko na sabuwar sigar, watanni bayan fitowarta, na 24.04 sai a ƙarshen Agustan 2024 ya zo. Za ka ga masu ba da shawarar a ƙara -d a ƙarshen umarnin don a tilasta shi. Wannan na masu gwaji ne, ba na injin da albashin mutane ke ciki ba.

Ya fi kyau ka zauna gaban injin. Idan dole sai daga nesa ta SSH, manhajar za ta buɗe ƙofa ta biyu a lamba 1022 don ko ta farko ta yanke, amma sai ka buɗe wannan lambar a katangar tsaro da hannunka, kuma ka tanadi wanda zai iya zuwa wurin injin.

Za ta sanar da kai cewa ta kashe rumbunan manhaja na waje, irin waɗanda aka ƙara don Chrome ko AnyDesk ko wani direba. Daidai ne, rubuta sunayensu don ka mayar da su daga baya. Sannan ta nuna yawan abin da za ta sauko da shi, ta nemi izini. Bayan ta gama saukewa ta fara dasawa, hannunka ya bar madannai sai in ta yi tambaya.

Tambayar da ta fi rikita mutane ita ce ta fayilolin saiti. Idan ta tarar an taɓa gyara wani fayil, za ta tsaya ta ce: a bar naka ko a sa sabo? Danna D ka ga bambancin tukuna. Idan ka gane gyaran kuma kamfanin na buƙatarsa, N zai bar naka, ya ajiye sabon a gefe. Idan ka zaɓi Y, naka ne za a ajiye a gefe da ƙarin .dpkg-old a sunansa. Ko ta yaya ba a rasa komai, amma rubuta sunan kowane fayil da abin da ka zaɓa. Karɓar sabo a makance a kan fayil ɗin Samba da ke raba folda shi ke sa a wayi gari Litinin babu wanda ke ganin foldar ofis.

Kusa da ƙarshe za ta nemi ta share kunshin da suka tsufa. A kan kwamfutar ofis, amince. A kan uwar garke mai PostgreSQL, duba jerin tukuna, kuma idan ka ga tsohuwar sigar rumbun a ciki ka ƙi. Dalili shi ne ɗagawa ba ta ƙaurar da bayanan da kanta. Za ta dasa sabon PostgreSQL fanko a gefe, bayananka na nan a tsohon, kuma ana buƙatar tsohon kafin a yi ƙaurar. Bayan injin ya tashi, pg_lsclusters zai nuna maka su biyun. Sai ka cire sabon fankon da pg_dropcluster, ka ƙaurar da naka da pg_upgradecluster. Karanta lambar sigar sau biyu kafin ka danna, domin idan ka ba umarnin sharewa lambar tsohon, bayanan kamfanin ne suka tafi, kuma a nan ne kwafin jiya zai yi ranarsa.

Bayan ta tashi

Ɗauko takardar nan ka bi ta layi-layi. Buga rasit na gaske. Sa mota ta hau sikeli. Abu ɗaya da ya wahalar da masu na'urorin auna nauyi a 22.04 shi ne wata manhaja mai suna brltty, wadda aka yi don makafi masu karatu da na'urar rubutunsu. Takan ɗauka cewa 'yar wayar nan mai sauya USB zuwa tsohuwar kafar sikeli, musamman mai ƙwayar CH340, na'urarta ce, sai ta ƙwace ta. Alamar ita ce /dev/ttyUSB0 ya bayyana ya ɓace nan take, manhajar sikeli kuma ta tsaya a sifili. Idan babu mai buƙatar brltty a kan injin, sudo apt remove brltty ya warware matsalar. Tabbatar kuma mai amfani da sikelin yana cikin rukunin dialout.

Daga 22.04 kuma tsarin nuna hoto ya koma Wayland, kuma wasu manhajojin shiga kwamfuta daga nesa sukan nuna baƙin allo a kansa. A shafin shigar da kalmar sirri akwai 'yar alama a kusurwar ƙasa inda za a zaɓi Xorg. Firefox ma ya koma sabon nau'in kunshi mai suna snap, yakan yi nauyin buɗewa a karon farko. Ba lalacewa ya yi ba. Tsofaffin kwamfutocin da ƙwaƙwalwarsu ba ta kai gigabayit huɗu ba za su ji jiki da 24.04, gara a ba su Xubuntu ko Lubuntu.

Idan abin da ake gudu ya faru, wuta ta yanke ana tsakiyar dasawa, kada ka yi saurin gogewa. Idan injin ya kai ka tagar umarni, gwada

sudo dpkg --configure -a

sudo apt --fix-broken install

sudo apt full-upgrade

Sau da yawa wannan kan ƙarasa abin da ya rage. Idan ya ƙi tashi, riƙe Shift ko danna Esc lokacin kunnawa, ka zaɓi tsohuwar ƙwayar Linux daga jerin da GRUB zai nuna. Bayanin abin da ya faru yana cikin /var/log/dist-upgrade. Amma sa wa kanka iyaka tun farko: idan la'asar ɗin Lahadi ta yi ba a shawo kansa ba, dawo da hoton Clonezilla, a sake ɗaura niyya wani makon. Taurin kai a daren Lahadi ba ya fitar da kaya ranar Litinin.

Akwai masu cewa da tsohuwar zuma ake magani, a bar injin tunda yana aiki. Suna da hanya ta halal idan manhajarsu ba ta shirya ba: rajistar Ubuntu Pro tana tsawaita gyaran tsaro zuwa shekara goma, wato 20.04 har 2030, kuma kyauta ce ga inji biyar na farko bisa sharuɗɗan da ya kamata kamfani ya karanta kafin ya shiga. Wannan sayen lokaci ne don a gyara manhajar, ba dalilin mantawa da ita ba. Kulawar kyauta ta 22.04 ma a 2027 za ta ƙare, ta 24.04 kuma a 2029. Rubuta shekarar a jikin takarda ka manna a gefen injin, tare da ranar da ka ɗaga shi da wurin da kwafin yake, kuma kada ka goge faifan ajiyar sai an fitar da albashin wata guda cur a kan sabuwar sigar.